Katin Baba a Jakar Lakwal

Akwai wata yarinya a garin Arlit, 'yar aji shida. Ba zan faɗi sunanta ba. Ta roƙe ni kada in faɗa, kuma yarinya ce mai baki, ba na son rigima da ita.

Su huɗu ne a gidansu. Da babanta Samson, da mamanta Dorkas, da ita, da ƙanenta Mika, ɗan shekara huɗu. Daga Maraɗi iyayen suka zo neman aiki, tun kafin a haife ta.

Baba yana aiki a kamfanin haƙar uraniyum, can bayan gari. Shi ke lura da manyan injinan da ke tura ruwa. Wani sati aikin safe yake yi, wani sati na yamma, wani sati na dare. Mama kuwa unguwarzoma ce a asibiti. Su jarirai ba su san Asabar ba, ba su san Lahadi ba. Duk lokacin da suka ga dama suke zuwa.

Saboda haka gidan ya zama kamar tasha. Wannan na shiga, wancan na fita. A bakin ƙofa Baba da Mama suke haɗuwa, su yi magana a tsaye.

"Miya tana cikin firigo."

"Mika yana tari, ki duba shi."

"Gaz ya kusa ƙarewa."

"To, sai na dawo."

Shi ke nan, hira ta ƙare.

Abin da ya fi ƙona wa yarinyar rai magana biyu ce. In ta tambayi Mama abu, sai ta ce, "Tambayi babanki." In ta je wurin Baba, sai ya ce, "Mi mamanki ta ce?" Haka za ta yi ta kai da kawo har ta manta abin da ta zo tambaya.

Ana nan, sai ƙarshen shekarar karatu ya matso. Malamar ajinsu, Madam Lauratu, ta ce za a yi biki a makaranta, wato lakwal. Za a gayyaci iyaye, yara su yi wasa a gabansu.

Aka zaɓi yarinyar da ƙawarta Mina su yi wasan Akuya da Raƙumi. Dabbobin biyu sun haɗu a bakin rijiya, suna gardamar wanda ya fi amfani. Madam ta dubi yarinyar ta ce, "Ke ce akuya. Surutun ya dace." Mina kuwa aka ba ta raƙumi.

Mina ta ji daɗi ƙwarai. Babanta Ismaghil mutumin Gougaram ne, cikin raƙuma ya girma. Yanzu wuri ɗaya suke aiki da Baba, suna lura da injinan nan. Shi ya ɗinka wa Mina tozo da tsohon matashin kai. Shi ya koya mata yadda raƙumi ke durƙusawa, da yadda yake kuka idan an ɗora masa kaya.

Sati uku kafin bikin, Madam ta raba takardun gayyata. Yarinyar ta ruga gida da tata. Ta tarar da Mama tana sa takalmi.

"Mama, ga takarda daga lakwal."

"Kin yi laihi ne?"

"A'a, gayyata ce."

"To madalla. Nuna ma babanki, na makara."

Baba yana barci, don aikin dare ya yi. Dokar gidan kuwa, in Baba na barcin rana ko cokali ba ya faɗuwa. Ta jira har ya tashi. Ta same shi yana cin shinkafa a tsaye, ido ɗaya a kan agogo.

"Baba, ga takarda."

"Aje bisa tebur, mamanki ta gani."

Ta ajiye. Kashegari wani ya ɗora butar shayi a kanta. Bayan kwana biyu Mika ya zana mota a bayanta. Daga nan takarda ta yi ɓatan dabo.

A nan sai in faɗi gaskiya, yarinyar ma tana da nata laifin. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta kumbura fuska ta ce a ranta, "In sun damu da ni, za su tuna da kansu." Ta yi sati uku tana fushi, ba wanda ya san tana fushin.

Ran Juma'a da la'asar, ana gobe biki, aka yi abin mamaki. Baba da Mama suka kasance a gida lokaci ɗaya. Yarinyar ta ɗaura ƙahonin kwali a kanta, ta manna gemun igiya a haɓa, ta fito tsakar gida.

Mika ya fashe da dariya. Mama ta ajiye wuƙar da take yanka albasa.

"Ke kuma mi ke nan?"

"Akuya ce ni gobe. Wa zai zo cikinku?"

"Zo ina?" in ji Baba.

"Bikin lakwal. Ƙarhe tara. Na ba ku takarda."

Mama ta dubi Baba. Baba ya dubi Mama.

"Baban Mika, ai na ce ta nuna maka."

"Ni kuma na ce ta aje miki."

"Ni kaɗai ke da idon karatu a gidan nan?"

"Maman Mika, ni da na kwana tsaye gaban inji, kina son in tashi in karanta takarda cikin barci?"

"Ni kuma rawa na kwana yi a asibiti ko?"

Yarinyar tana tsaye da gemunta, tana kallonsu. Ba wanda ya amsa tambayar da ta yi.

Can Baba ya shafa kai ya ce, "Gobe aikin sahe gare ni. Da na sani tun da wuri, da na roƙi Zayyadu mai aikin yamma mu yi musanya. Amma sai an gaya ma shef, shugabanmu, da sati guda. Ba a fafe gora ranar tahiya."

Mama ta ce, "Ni ma gobe ni ke tsaron ɗakin haihuwa. Abokiyar aikina ta tahi Agadas. Bari in roƙi Maryama maƙwabciya ta je, ta ɗauko muna hoto da salula."

"Maryama ce ta haife ni?" in ji yarinyar.

"Ke, kama bakinki."

Ta kama bakinta, ta shige ɗaki. Amma zuciyarta na tafasa. Bara ma haka aka yi. Duk 'yan ajinsu suna nuna iyayensu da yatsa, ita kuwa ba ta da wanda za ta nuna.

Tana zaune sai idonta ya faɗa kan ƙusar da ke bayan ƙofa. A nan Baba ke rataye katin aikinsa. Kati ne mai hotonsa, da igiya shuɗiya. A jikinsa akwai wani ɗan abu baƙi kamar akwatin ashana, wanda ke auna ƙarfin ma'adinin da ke taɓa jikin ma'aikaci. Ta sha jin Baba yana cewa, in ba wannan kati, ko shugaban kamfanin ne ba a buɗe masa ƙofa.

Sai dabara ta faɗo mata. Ba kati, ba shiga. Ba shiga, ba aiki. In ba aiki kuwa, ina Baba zai je in ba makaranta ba?

A ganinta duk duniya ba a taɓa yin wayo irin wannan ba. Ta leƙa, ta ga Baba ya shiga wanka. Ta zare katin, ta cusa shi cikin jakar makarantarta, tsakanin littafin lissafi da na tarihi.

Da asuba aka fara jin motsi. Baba ya sa kayan aiki, ya ɗaura takalmi, ya miƙa hannu kan ƙusa. Wayam.

"Maman Mika, kin ga katina?"

"Ni da katinka mi ya haɗa mu? Duba aljihu."

Ya duba aljihu. Ya duba ƙarƙashin gado. Ya zazzage kwandon wanki. Ya ɗaga tabarma, ya buɗe tukunya, har firigo sai da ya leƙa.

"Shekara goma sha biyu nan nake aje shi. Kati ba shi da ƙahwa."

"To ni ce na ba shi ƙahwa?"

Aka tashi Mika daga barci. Shi ne mai ɗaukar kayan mutane, kowa ya sani. Kwanan baya ma a cikin randa aka tsinci mabuɗin gida.

"Mika, ina ka kai katin Baba?"

"Ban ɗauka ba."

"Hwaɗi gaskiya."

"Ban ɗauka ba," in ji Mika, ya sa kuka.

Yarinyar tana kwance, ta rufe ido kamar mai barci. Kukan Mika ya ɗan taɓa ta. Amma ta ce a ranta, ai yara sun saba kuka.

Sai aka ji hon a bakin titi. Motar ma'aikata ce, wadda suke kira kar. Ta yi hon sau biyu, ta jira kaɗan, ta wuce.

Yarinyar ta yi miƙa, ta fito tana murza ido.

"Baba, tunda kar ta tahi, sai ka zo lakwal ke nan."

Ko jin ta bai yi ba. Salula na kunnensa, gumi na zuba daga goshinsa.

"I, shef. Na duba ko'ina. I, na sani. To, zan zo bakin ƙohwa in jira mai ba da wani katin."

Ya fita da sauri, ya tare ɗan kabu-kabu, ya hau babur suka yi bayan gari. Yarinyar ta tsaya baki buɗe. Ba haka ta shirya abin ba.

Ta so ta bi shi da gudu ta ce ga katin. Amma ta tuna fuskarsa, ta tuna kukan Mika, tsoro ya hana ta. Mama kuwa tana ta tattara kayan da aka watsar, tana mita, ita ma ta makara. Ta miƙa Mika ga Maryama, ta fice ko karyawa ba ta yi ba.

Haka yarinyar ta tafi makaranta ita kaɗai. Jakar nan kullum ita take ɗauka, amma yau ta yi mata nauyi.

An kafa rumfa a filin makaranta, an jera kujeru. Iyaye suna ta shigowa tun kafin rana ta yi zafi. Mina ta ɗaura tozonta, tana tsaye tana kallon ƙofa.

"Babana zai zo," in ji ta. "Aikin dare ya yi, ƙarfe shida yake sauka. Ya ce ko barci ba zai yi ba, wanka kawai zai yi ya taho. A gaba zai zauna."

Ƙarfe takwas da rabi, bai zo ba. Tara ta yi, bai zo ba. Sai ga maman Mina ta shigo ita kaɗai. Ta ja 'yarta gefe, amma yarinyar tana jin abin da take faɗa.

"Babanki ya bugo. Wanda zai karɓe shi bai shiga ba. Ba ya iya barin inji shi kaɗai."

"Amma ya yi mini alkawari."

"Ya sani. Ya ce ki yi haƙuri."

Mina ta dawo, idonta ya cika da hawaye. Ta ce wa ƙawarta, "Wane mugu ne wannan da ya ƙi zuwa aiki yau?"

Yarinyar ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Wanda ke karɓar Ismaghil da safe, ai Baba ne. Ta san wuri ɗaya suke aiki. Ba ta taɓa tunanin cewa sai ɗaya ya shiga ɗaya ke fita ba.

Nan take aka kira su.

Suka fito gaban jama'a. Akuya ta fara.

"Kai dogon banza, matsa in sha ruwa. Ni ke ba yara madara."

Nan ya kamata Raƙumi ya durƙusa a hankali, ya yi kukan nan nasa, ya ce, "Ke guntuwa, wa ke kawo gishiri daga nesa?" Mina ta durƙusa. Ta dubi kujerun gaba. Ta buɗe baki, sai kuka ya fito.

Mutane suka yi dariya, suna tafi. Sun ɗauka kukan raƙumi ne. Amma kukan bai tsaya ba. Kafadun Mina suna girgiza, tozon ya zame gefe. A hankali dariya ta mutu, wuri ya yi tsit.

Madam Lauratu ta zo ta ɗaga ta, ta ce a tafa musu. Aka tafa, irin tafin tausayi. Wasan da suka yi wata guda suna koyo ya ƙare a magana ɗaya.

Yarinyar ta zaga bayan aji, ta zauna a ƙasa. Can Madam ta same ta, gemu ya saki gefe ɗaya yana lilo.

"Ke kuma me ya same ki? Ke ma kukan za ki yi mini?"

Ta buɗe jaka, ta zaro katin, ta miƙa.

Madam ta dubi hoton. Ta dubi yarinyar. Ta sake duban hoton.

"Kada ki ce mini abin da nake tunani ne."

"So nike ya zo ya gan ni, Madam."

"To ya zo?"

"A'a."

"Baban Mina fa, ya zo?"

"A'a."

Madam ta dafe kai. "Na ba ki akuya don wasa, ashe har ɓarnar kika ɗauka. Garin neman ƙiba kin samo rama. Kawo lambar babanki."

Ta buga masa. Ashe sai ƙarfe sha ɗaya aka samu mai ba da katin wucin gadi. Awa biyar Baba ya yi a bakin ƙofar kamfani, rana na dukansa. Ismaghil kuwa, tun goman dare yake gaban inji.

Da la'asar Baba ya dawo. Mama ma ta dawo. Katin yana kan tebur, yarinyar tana tsaye kusa da shi.

Baba ya zauna, ya cire takalmi ɗaya, ya cire ɗayan. Ya sha ruwa. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mata sauƙi.

Mama ce ta fara. "Ke kina kwance kina ji muna zazzage gida. Kina ji ana tuhumar ƙanenki. Wace irin zuciya ce wannan?"



"Ɗiyata," in ji Baba, "don mi?"

Sai bakin nan nata ya buɗe, hawaye na zuba.

"Don ba ku taɓa zuwa ba. Bara ba ku zo ba. Ranar da na zo ta biyu a aji, ba wanda ya duba takardar. In na zo wurinka, ka ce mamanki. In na je wurin Mama, ta ce babanki. Ni ban san wanda zan gaya ma magana ba a gidan nan. Jariran mutane da injin kamfani duk sun hi ni."

Mama ta ja baya. Ta zauna a kan turmi.

Baba ya miƙo wa yarinyar hannu. Sannan ya ce, "Zo nan. Zan gaya miki abu biyu, ki riƙe duka."

Ta matso.

"Na ɗaya, aikinmu kamar riƙon jariri ne. Ba ka sakewa sai wani ya miƙo hannu ya karɓa. In na makara, ba kamfani ke shan wahala ba. Ismaghil ke sha, da ɗiyarsa. Yau an ba ni takardar gargaɗi, wannan zan iya ɗauka. Amma mutum ya yi awa goma sha uku tsaye saboda ni, ya rasa ganin ɗiyarsa. Gobe da bakinki za ki ba su haƙuri. Yanzu kuma ki hwara da Mika."

Ta durƙusa gaban Mika ta ce ya yafe mata. Mika ya ce sai in ta ba shi ƙahonin akuya. Ta ba shi.

"Na biyu," in ji Baba, "abin da kika hwaɗa gaskiya ne. Mu ma mun yi laihi."

Mama ta ce, "Takarda sati uku bisa tebur, mu biyu masu karatu. Abin kunya ne. Amma ke ma da kin sake magana. Fushi a ciki ba ya kai saƙo."

Ran Lahadi, bayan an taso daga majami'a, su huɗu suka tafi gidan su Mina. Suka tarar da Ismaghil a inuwa, yana dafa shayi. Idanunsa har yanzu jajaye ne.

Yarinyar ta durƙusa, ta faɗi abin da ta yi tun daga farko. Ba ta rage komai ba.

Ismaghil ya zuba shayi daga sama, ya mayar, ya sake zubawa. Sannan ya yi magana da irin tasa Hausar, ta wanda ya koya da girma.

"Gajiya ba komai, yarinya. Gajiya yana wucewa da barci. Raƙumi nawa ne ban gani ba. Shi ne ya yi mini zafi."

Mina tana bakin ƙofar ɗaki, ta juya baya.

"Mina, ki yahe mini."

"Ba ruwana da ke."

"To mu sake wasan nan, yanzu, babanki ya gani."

"Ba na wasa da ɓarauniyar kati."

Maganar ta yi zafi, amma yarinyar ta haɗiye. Ta san ta ci a gaya mata fiye da haka.

Sai Ismaghil ya ajiye butar shayi. Ya miƙa wuya, ya turo leɓe, ya saki wani irin kuka na raƙumin da aka cika wa kaya. Mika ya faɗi ƙasa don dariya. Mina ta cije leɓe, ta yi ta ƙoƙari, amma dariya ta ƙwace mata.

"Tashi, ɗauko tozo," in ji babanta. "Ni na ɗinka shi, sai na gan shi a baya."

Aka ari ƙahoni daga wurin Mika da ƙyar. Aka shimfiɗa tabarma. Akuya da Raƙumi suka yi gardamarsu daga farko har ƙarshe, ba wanda ya manta ko kalma ɗaya. Masu kallo biyar ne kawai. Amma su ne waɗanda ake so su gani.

Da suka koma gida, Baba ya samo wani faffaɗan katako, ya shafa masa baƙin fenti. Ya kafa shi a bango kusa da madafa. Ya ja layi, ya rubuta ranakun sati.

"Daga yau ba sauran magana a bakin ƙohwa," in ji Mama. "Kowace Lahadi, in mun ci abinci, nan za mu zauna. Kowa ya hwaɗi abin da ke gabansa, a rubuta."

Aka rubuta aikin Baba, aka rubuta na Mama. Aka rubuta wanda zai ɗauko Mika, da wanda zai je kasuwa. Aka buga ƙusa a gefe don takardun makaranta. Duk takardar da ta zo, sai Baba da Mama sun karanta ta da ƙarfi kafin a cire ta. Alli kuwa aka damƙa shi a hannun yarinyar.

Kada ku ce daga ranar gida ya zama aljanna. Jarirai ba su daina zuwa lokacin da suka ga dama ba. Wani satin har yanzu tasha ce. Baba ya karɓi girki a ranakun da Mama ke aikin yamma, kuma miyarsa ta farko gishiri ya yi mata yawa, har Mika ya ce ruwan hawaye ne. Mama ta koma dafa babbar tukunyar miya ran Lahadi, a raba a sa a firigo. In su huɗu suka haɗu kan abinci, sai a tara salula a cikin kwando har a gama.

Yarinyar kuwa ta zama 'yar sanda. Ko Baba ya ce, "Tambayi mamanki," sai ta nuna masa allon da alli.

Abu na farko da ta rubuta da hannunta shi ne ranar jarrabawar fita aji shida. Saura sati uku. Ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta zagaye shi sau biyu. Kashegari Baba ya je wurin shef. Zayyadu ya yarda da musanya ba musu, don an gaya masa da wuri.

Ranar jarrabawa ta tashi da asuba. Ta ji hon ɗin kar a bakin titi. Ta yi hon, ta wuce. Yarinyar ta leƙa bayan ƙofa.

Katin yana rataye a ƙusarsa, ba wanda ya ɓoye shi. Baba kuma yana tsakar gida, yana fere mata fensir.

Shi ya raka ta har ƙofar wurin jarrabawa. Can suka tarar da Mina, riƙe da hannun babanta, don an karɓe shi kan lokaci. Yarinyar ta ɗaga yatsa ta nuna wa duk wanda ya tsaya kusa da ita.

"Ga babana can. Mai shuɗiyar riga."

To yara, ga abin da za ku riƙe. In kuna da damuwa, ku faɗa da baki, ku sake faɗa har a ji. Kada ku nemi biyan bukatarku ta hanyar ɓoye da yaudara, don wahalar takan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Iyaye masu aiki kuma su zauna da 'ya'yansu su tsara lokaci tun da wuri. Aiki yana da ranarsa, gida ma yana da tasa.